Farin Ruwa Da Baƙin Ruwa A Kainji

Duk shekara idan bazara ta kawo jiki, zafi ya tsananta, aka shiga ɗauke wuta dare da rana, akwai wata magana da jama'ar ƙasar nan suka saba ji daga bakin masu wutar lantarki, watau wai ruwa ya janye a Kainji. An daɗe ana faɗarta har ta zama abin ba'a. Na taɓa jin wani mai shayi a Kaduna da madara ta ƙare masa yana ce wa masu ciniki su yi haƙuri, ruwa ya janye a Kainji. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina karanta ma'aunin ruwan nan da idona kafin in yi ritaya, in na ji wannan raha nakan taya mutane dariya, amma dariyar ba ta kai mini ciki. Gama maganar wani lokaci gaskiya ce tsantsa, wani lokaci kuwa mayafi ce da ake lulluɓe wani abu dabam, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda zai bambanta su.

Mutane suna kiranmu ma'aikatan wuta, alhali kuwa aikin ruwa muka yi. Babu wata wuta da ake hurawa a Kainji. Abin da ke akwai shi ne ruwa da aka tsare a bayan madatsa har ya taru ya yi tudu, sa'an nan a buɗe masa hanya ya gangaro ta cikin manyan bututai, ya bugi farfela, farfela ta juya injin, injin ya ba da wuta. Idan tafki ya cika, ruwan yakan faɗo daga tsawon mita 40 ko kusa da haka. A wannan tsawo, kafin a sami yunit ɗaya na wutar nan da kake saye da kati, sai tan 10 na ruwa ya ratsa injin, watau duro 50. Ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, wanda aka bari ya kwana a kunne a zaure har awa 10, ya sha duro 30 ke nan. Da ɗan garuwa aka sa ya kawo wannan ruwa a kurarsa mai jarka 12, da sai ya yi sawu 20. Na sha yi wa iyalina wannan lissafi har sun gaji da ji.

To, ga inda wuyar take. Idan tafki ya ragu da mita 10, kamar yadda yakan yi kowace shekara, faɗuwar ruwan ta gajarce, ƙarfinsa kuma ya ragu. Yunit ɗin da duro 50 ke bayarwa sai ya nemi duro 65 ko fiye. Watau a daidai lokacin da ruwa ya yi ƙaranci, a lokacin ne kuma injin ya fi zarin sha. Wanda ya yi almubazzaranci da ruwa a watan Maris, sau biyu zai biya a watan Yuni.

An fara ginin madatsar a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. An yi mata gurbin injin 12, amma 8 aka fara kafawa, waɗanda ƙarfinsu gaba ɗaya ya kama megawat 760. Hukumar da ta gina ta ita ce aka haɗa da hukumar lantarki ta da a 1972 aka sami NEPA, kuma tun 2013 kamfanin Mainstream ne ke riƙe da tashar bisa yarjejeniya da gwamnati. Tafkin ya kai kilomita 130 a tsawo, daga madatsa har yankin Yawuri, ya kuma shanye tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga gidajensu.

Ina cikinsu. Ina ɗan shekara goma aka kwashe mu daga gungunmu a ƙasar Yawuri aka kai mu sabon ƙauye a kan tudu, gidajen siminti a jere masu rufi kamar bayan kunkuru. Mahaifina manomin albasa ne, irin na gungu, wanda ke ɗiban ruwan kogi da ƙwarya yana ba shukarsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan ƙaura shi ne ganin tsofaffi suna komawa bakin ruwa kowace safiya, suna kafa kara a ƙasa don su ga inda ruwan ya kai cikin dare. Ashe aikin da zan ci abinci da shi ke nan, sai dai nawa karan na ƙarfe ne mai lambobi.

Daga bakin waɗannan tsofaffi na fara jin cewa Kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara, kuma duk ilmin tafiyar da Kainji yana rataye ne a kan wannan. Cikar farko ita ce farin ruwa. Wannan ruwan damina ne na kusa, wanda ke gangarowa daga kogunan Sakkwato da Rima da Zamfara da sauran ƙoramu na Nijar da Benin da ƙasar Kwantagora. Yakan iso daga Agusta zuwa Oktoba, a fusace, ɗauke da laka, launinsa kamar kunun kanwa. Ba ya sallama. Ruwan sama ya zuba a Zamfara yau, kafin mako ya zagayo ka gan shi a ma'auni.

Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa, kuma ita ce abin mamaki. A tsakiyar hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, leɓɓa suka tsattsage, ba ko ɗigon ruwan sama, sai ka ga kogi yana ƙaruwa. Wannan ruwa tun damina ya zuba a kan duwatsun ƙasar Gini, inda kogin ya samo asali, wurin da bai fi kilomita 240 daga teku ba. Maimakon ya bi gajeriyar hanya, sai kogin ya juya wa teku baya ya nufi hamada. A tsakiyar ƙasar Mali, tsakanin Mopti da Tambutu, sai ya bazu cikin wata makekiyar fadama, ya yi watanni yana rarrafe cikin ciyayi. A nan yake ajiye lakarsa, a nan kuma rana ke shanye kashi mai yawa daga cikinsa. Abin da ya tsira shi ke biyowa ta Gao da Yamai, ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu, garau, har ka ga kamar baƙi ne saboda zurfi da tsabta. Kogin da tsawonsa ya haura kilomita 4,000, ruwan da ya sauka a kansa sai ya yi kusan rabin shekara a hanya kafin ya juya farfela a Kainji.

Saboda haka shekararmu ba daga Janairu take farawa ba. A ƙarshen Yuli ko farkon Agusta tafki yake kaiwa ƙarshen ramewarsa, kututturen itatuwan da ruwa ya binne su fito da kai, masu kwalekwale su shiga tafiya da addu'a a baki. Farin ruwa ya zo ya cika shi kafin Oktoba ta ƙare. Baƙin ruwa ya riƙe shi a cike har wajen Fabrairu ko Maris, ana ci ana mayarwa. Daga nan kuma sai cin ajiya. Wata biyar cur, abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, rana tana sama tana ɗiban nata kason daga fuskar tafkin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, ga garuruwa suna neman wutar fanka da ta firij fiye da kowane lokaci. Tafkin yana ɗaukar tan miliyan dubu 15 na ruwa, amma ba duka ke cuwuwa ba, don akwai na ƙasa wanda ba ya kai bakin bututu. Aikinmu shi ne mu rarraba abin da ke cuwuwa kamar yadda uwargida mai hankali ke rarraba hatsin rumbu, ya kai iyali har sabon gero ya shigo.

Da asuba nakan sauka in karanta ma'auni, in rubuta a littafi. A ofis a haɗa da rahoton abin da ya shigo ta sama, da abin da injuna suka sha jiya, a gwada da layin da aka zana na inda ya kamata tafki ya kasance a wannan rana ta shekara. In muna saman layi, mu saki jiki. In muna ƙasa, sai a tsuke. Ana cikin haka waya za ta buga daga Oshogbo, inda cibiyar raba wutar ƙasa take, a ce Legas da Kano suna neman ƙari, a tada wani injin. Su ma aikinsu suke yi, daren yau ne a gabansu. Mu kuwa watan Yuni ne a gabanmu. Yawancin gardamar da na gani a rayuwar aikina, tsakanin mai duban yau ne da mai duban wata uku masu zuwa, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa.

Ban san darajar wannan littafi sosai ba sai a farin 1983 da 1984. A shekarun nan farin ruwa ya zo a rame, baƙin ruwan da muke sa rai ya rufa asiri shi ma ya zo kamar an aiko shi dole. Tafki bai kai bakinsa ba. Ina tuna yadda muke tsayawa mu uku a kan ma'auni da fitila, kowa ya karanta da kansa, don kada idon mutum ɗaya ya ƙara mana yatsa guda na ruwan da babu shi. A watan Yuni na 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, ya daina gudu, abin da ba wanda ya taɓa ji a tarihin da aka rubuta. A wannan shekara kuma aka buɗe tashar Jebba. Duk wanda aka ce masa ruwa ya janye a Kainji a waɗannan shekaru, gaskiya aka faɗa masa, har ma an rage.

Tun da na ambaci Jebba, bari in ce ita daga hannun Kainji take ci. Tana kimanin kilomita 100 a ƙasa da mu, da injin 6 masu ba da megawat 578, amma tafkinta ƙarami ne, ba ya ajiyar shekara. Ruwan da ya gama aiki a wurinmu shi ne zai sake juya farfela a can, watau duro ɗaya ya biya haraji sau biyu. In Kainji ta tsuke, Jebba ta yi azumi. In Kainji ta saki da yawa, tilas Jebba ta buɗe ƙofa.

Buɗe ƙofa kuwa shi ne abin da ya fi hana mu barci, fiye da fari. Tsakiyar madatsar kankare ce, amma fikafikanta duwatsu ne da ƙasa, kuma irin wannan gini ba a barin ruwa ya haura kansa ko sau ɗaya. Akwai iyaka, kimanin mita 142 bisa bakin teku, wadda in tafki ya kai ba sauran shawara, sai a ɗaga manyan ƙofofin ƙarfe ruwa ya wuce ba tare da ya taɓa injin ba. Shawarar tana can baya, a watan Satumba, sa'ad da farin ruwa ke shigowa ba wanda ya san iyakarsa. In ka saki da wuri don ka bar wuri, damina ta ɗauke ba zato, baƙin ruwa ya zo a rame, ka zubar da wutar watan Afrilu a banza. In ka riƙe, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya tafki yana cike, tilas ka saki a lokaci ɗaya abin da da ka saki cikin mako uku. Gaba kura, baya siyaki. A ƙasa da Jebba kuwa fadamar Nufawa ce, shinkafa ta yi ciki. Ga Kogin Kaduna yana shigowa ta Muregi, daura da Patigi, ɗauke da abin da Shiroro ta saki, yanzu kuma har da Zungeru. In ƙofofin nan suka buɗe a mako ɗaya, abin da mutanen ƙasa ke gani ba shi da kyan faɗi. An gani a 1999. An gani a 2012, sa'ad da Kwara da Binuwai suka haɗu a Lakwaja a cike har hanyar Abuja ta yanke, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu a faɗin ƙasa. An sake gani a 2022.

A nan ina da ra'ayi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Madatsa ba ta haifar da ruwa. A yawancin shekaru ma ita ke rage kaifin ambaliya, ta haɗiye kan farin ruwa ta fitar da shi a hankali. Amma kafin a gina ta, manomin fadama ya san lokacin kogi kamar yadda ya san lokacin salla, da shi yake shuka, da shi yake girbi. Bayan an gina ta, shekaru suka yi ta wucewa ruwa bai hau ba, mutane suka sauko suka yi gini da gona a inda kakanninsu ba su taɓa kwana ba. Yanzu ruwan ba ya zuwa sai mutum ya ɗaga ƙofa. Ruwan da ya zo da kansa ba wanda za a tambaya, amma wanda aka buɗe wa ƙofa, akwai hakkin sanarwa a wuyan wanda ya buɗe. Sanarwa kuwa ba takardar Turanci ba ce da za a aika hedkwatar jiha ranar Juma'a da yamma. Magana ce a rediyo da Nufanci da Hausa, da saƙo a wayar dagaci, a faɗi ranar da za a saki, da yawan da za a saki, da kwana nawa zai yi kafin ya iso gari kaza. Lissafin nan ana iya yinsa, don mun san gudun ruwa daga Kainji zuwa Jebba, daga Jebba zuwa Lakwaja. An yi dokar kafa hukumar raya yankunan madatsun wuta, HYPPADEC, tun 2010, ta kama aiki bayan shekara goma. A ganina duk wani gini da za ta yi yana bayan wannan sanarwa.

Mutanen sama da madatsa su ma suna da nasu lissafi, kuma a gidanmu nake jinsa. Yayana bai bar ƙauye ba. Idan tafki ya janye da bazara yakan bar ƙasa mai danshi a gefe, a nan yake shuka, yana bin ruwa a baya taki-taki. Wata shekara da ruwa ya yi albarka, tafki ya daɗe bai sauka ba, na je gida hutu ya tare ni tun ban ajiye jaka ba.

"Kai, ku mutanen ofis, yaushe za ku sakar mana ƙasa? Iri yana hannu, wata yana tafiya."

Na ce, "Yaya, ai albarka ce. Bana ƙasa duka za ta sha wuta."

Ya ce, "Wace ƙasa? Dubi ɗakin nan, ka ga ƙwai a rataye?"

Ban ga ƙwai ba, fitilar kananzir ce a kan taga. Na yi shiru. Shi yana son ruwa ya sauka da wuri ya dawo a makare. Sarkawa masu su suna son ya hau ciyawa ya daɗe, don kifi ya sami wurin ƙwai. Banufe yana son kada a taɓa ƙofa sai ya yanke shinkafa. Mai walda a Kano yana son injin takwas su yi ta juyawa har abada. Duk a kan ruwa ɗaya. A littafin da na yi shekaru ina cikawa, shafin mai walda kaɗai aka buga. Sauran sai dai wanda ke riƙe da alƙalami ya tuna da su don kansa.

Yanzu bari mu koma kan maganar mai shayi. In an ce maka ruwa ya janye a watan Mayu ko Yuni ko Yuli, akwai ƙamshin gaskiya, musamman in daminar bara ta yi gardama a Gini da Mali. In kuwa a Nuwamba ko Disamba ko Janairu aka faɗa maka, a shekarar da ba fari, to, ka nemi dalili a wani wuri, gama a lokacin nan tafki yana cike har wuya. Ko injin ne ya tsaya, ko layin dakon wuta ne ya faɗi, ko kuwa gas ne bai isa ba. Kada a manta, mafi yawan wutar Nijeriya daga tashoshin gas take fitowa. Su ma na gas ɗin, irin Egbin da ke kusa da Ikorodu mai megawat 1,320, ba su rabu da ruwa ba: tururi ke juya injinsu, ruwan tukunyarsu sai an tace shi ya fi na sha tsabta don kada ya ci ƙarfe, da ruwan tafkin Legas kuma suke sanyaya shi. Sai dai ƙishirwarsu ba irin tamu ba ce.

Abin da ya fi damuna a yanzu da nake zaune a gida shi ne baƙin ruwa, domin ba namu ba ne mu kaɗai. Kafin ya iso Yawuri ya ratsa Gini da Mali da Nijar da gefen Benin, kuma kowa yana da baki. A Mali akwai madatsar Markala tun 1947, mai karkata ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake, ga ta Selinge da aka gama a farkon shekarun 1980. Nijar kuwa tun 1976 aka ja mata layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma abin da aka daɗe ana faɗa shi ne wannan wuta ita ce ladan barin kogi ya wuce ba a tare shi ba. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka yanke layin, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Ni ba ɗan siyasa ba ne, amma na san wanda ke zaune a ƙasan kogi ba ya koya wa na sama cewa zumunci abin kashewa da kunnawa ne. Nijar ta aza harsashin tata madatsar a Kandaji, sama da Tillaberi, tun 2008, aikin ya sha tsayawa yana tashi. An tsara ta ba da megawat 130, ta kuma shayar da kadada 45,000.

Ba na cikin masu ganin Kandaji a matsayin bala'i. Tafkinta kimanin kashi ɗaya cikin goma ne na Kainji, kuma an tsara ta ne ta riƙa sakin ruwa da rani don kada abin da ya faru a Yamai a 1985 ya sake faruwa, wannan kuwa zai amfane mu a watannin da muka fi bukata. Amma kadada 45,000 za su sha, rana ma za ta sha daga sabon tafki, kuma baƙin ruwan da tsofaffinmu ke auna zuwansa da kara zai riƙa isowa a ranar da wani ma'aikaci a can ya ga dama. Akwai Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980, hedkwatarta kuwa a Yamai take. A teburinta ne za a zauna a yarda da yawan ruwan da zai riƙa ƙetare iyaka a kowane wata, kuma mai karanta ma'auni a Kandaji ya riƙa aiko wa na Kainji lambarsa kowace asuba.